Sauya gwiwa da katara: hannun lokotoro ko hannun inji?

Babu garin da za a rasa dattijon da jama'a suka saba gani cikin sahun gaba, sa'an nan aka wayi gari yana salla zaune bisa kujera a gefen masallaci, domin gwiwarsa ta ƙi lanƙwasuwa. Haka kuma ba a rasa uwar gidan da ta bar zuwa kasuwa da buki saboda ciwon katara, ko saurayi mai ciwon emasi wanda ya fara ɗingishi tun bai cika shekara 30 ba. Idan ƙwayoyi da allurai da sanda suka kasa, lokotoron ƙashi ya kan dubi hoton radiyo, ya ce gaɓar ta cinye, abin da ya rage shi ne a fid da ita a sa ta ƙira.

Ana yin wannan aiki a manyan asibitocin Yamai, amma da yawa daga cikin masu ciwon su kan fita waje, wasu da kuɗin gwamnati, wasu da abin da dangi suka tara, su nufi Tunisiya, Maroko, Turkiyya, Indiya ko Faransa. A can, wasu asibitoci su kan ajiye wa baƙo farashi biyu. Na farko shi ne na aikin da lokotoro zai yi da hannunsa da ma'aunansa, kamar yadda aka saba fiye da shekara 60. Na biyu, wanda ya fi tsada, shi ne na aikin da za a yi da taimakon wani inji mai hannun ƙarfe, wanda Turawa ke kira robo. Mutumin da ya sayar da shanu ko fili domin ya sake tafiya da ƙafarsa ya cancanci ya san abin da ƙarin kuɗin zai saya masa. Haka ma ma'aikacin da wata rana za a kawo wa takardar sayen irin wannan inji domin ya sa hannu.

Abin da masana suka gano ya kasu gida biyu. An tabbatar da cewa inji ya fi hannu yanka ƙashi daidai inda aka tsara. Amma ba a tabbatar ba cewa wanda aka yi wa aiki da inji ya fi tafiya da kyau bayan shekara guda, ko kuwa gaɓarsa ta fi daɗewa. Tsakanin waɗannan maganganu biyu akwai tarihi mai tsawo da ya kamata mai karatu ya ji.

Yadda gaɓa ke cinyewa

Duk inda ƙashi biyu suka haɗu, akwai guringuntsi mai santsi da ke rufe bakinsu, irin wanda a ke gani fari sol a kan ƙashin ƙafar rago. Kaurinsa milimetir kaɗan ne, amma shi ke hana ƙashi gogar ƙashi. A gwiwa, ƙashin cinya ne ke hawa bisa ƙashin ƙwauri. A katara kuwa, kan ƙashin cinya dunƙule ne kamar ƙwallo, yana juyawa cikin wani gurbi mai kama da ƙoƙo a jikin ƙashin ƙugu. Tsufa, ƙiba, tsohuwar karaya da ba ta ɗoru daidai ba, da wasu cututtuka su kan zaizaye guringuntsin nan. In ya tafi, ba ya komowa. Ga mai emasi abin ya sha bamban: jinin da ya canza siffa ne ke toshe ƙananan hanyoyin da ke ciyar da kan ƙashin cinya, sai wurin ya mutu, ya lotsa.

Sauya gaɓa shi ne a yanke bakin ƙashin da ya lalace, a rufe shi da ƙarfe, a sa wata roba mai ƙarfin gaske tsakani ta maye gurbin guringuntsi. A gwiwa, abin da a ke yankewa bai cika wuce santimetir guda ba ta kowane ɓangare. A katara, a kan cire kan ƙashin cinya ɗungum, a soka sandar ƙarfe mai ƙwallo a cikin ƙashin, a kafa sabon ƙoƙo a ƙugu.

Aikin hannu da waɗanda suka kafa shi

A shekara ta 1890, a birnin Barlin, wani lokotoro mai suna Themistocles Gluck ya sa wa maras lafiya gwiwar da aka sassaƙa da hauren giwa. Dabarar ta yi daidai, amma ƙwayoyin cuta suka ɓata aikin. Sai bayan shekara 70 aka sami wanda ya warware matsalar, watau John Charnley, a asibitin Wrightington da ke arewacin Ingila. Shi ma da faɗuwa ya fara. Robar farko da ya zaɓa ta cinye da sauri cikin jikin mutane wajen 300, har ya zama dole ya sake buɗe su. A watan Nuwamba na 1962 ya koma ga wata roba dabam, ya haɗa ta da ƙaramar ƙwallon ƙarfe da wani siminti na musamman mai riƙe ƙarfe a jikin ƙashi. Ya gina ɗakin fiɗa mai tace iska domin yaƙi da ƙwayoyin cuta. Da fari bai yarda a sayar da ƙarfen ga lokotoron da bai zo ya koyi aikin a wurinsa ba. Ya kuma roƙi waɗanda ya yi wa aiki su yarda a ciro gaɓar bayan rasuwarsu, domin ya ga yadda ta zauna.

Gwiwar ƙira irin ta yau ta fito a 1974, a wani babban asibitin ƙashi na birnin Niyok, ta hannun John Insall da abokan aikinsa. Daga nan aikin ya bazu cikin duniya. A Amurka kaɗai ana sauya gwiwa da katara fiye da miliyan guda kowace shekara, a Faransa kuwa kowannensu ya zarce 100,000.

Sakamakon aikin hannu sananne ne, domin an daɗe ana ƙidaya shi. Ƙasar Suwidin ta buɗe kundin rubuta duk gwiwar da aka sauya tun 1975, na katara kuma tun 1979, wasu ƙasashe suka bi sawunta. A 2019 masana na jami'ar Bristol suka tattara irin waɗannan kundaye, suka bayyana cikin mujallar likitoci ta Lancet cewa kashi 82 bisa 100 na gwiwoyin ƙira da kashi 58 bisa 100 na katarorin ƙira suna nan suna aiki bayan shekara 25. Kusan dukkansu da hannu aka sa su. Da tsohuwar zuma a ke magani, kuma duk sabon abin da ya zo, wannan ma'auni ne zai tsallaka.

Inda hannu ke kuskurewa

Lokotoron da ke sauya gwiwa da hannu yana aiki ne tamkar magini mai igiya da ma'aunin tsaye. Ya kan soka doguwar sanda cikin ramin ɓargon ƙashin cinya domin ta nuna masa miƙewar ƙafa, ya kafa wani tubalin ƙarfe mai tsaga bisa ƙashin, ya bi tsagar da zarto. Sa'an nan ya sa gaɓar gwaji, ya miƙe ƙafar, ya lanƙwasa ta, ya ji da hannunsa ko jijiyoyin da ke ɗaure gwiwa sun yi tauri ko sun saki. Abin da a ke nema bisa al'ada shi ne layi ɗaya miƙaƙƙe daga tsakiyar katara, ya ratsa tsakiyar gwiwa, ya sauka tsakiyar idon sawu, kada karkatar ta wuce digiri 3.

To, ƙashin mutane ba ɗaya ba ne. Wani cinyarsa a tanƙware ta ke, wani ramin ɓargonsa na da faɗi har sandar ta yi wasa a ciki, zarto kuma ya kan kauce in ya gamu da ƙashi mai tauri. Wani bincike na 2007 da ya haɗa gwaje-gwaje masu yawa ya nuna cewa kusan gwiwa 3 cikin 10 da aka sa da hannu sun karkace fiye da digiri 3. Ban da haka, an daɗe da sanin cewa wajen mutum 1 cikin 5 da aka sauya wa gwiwa ba su gamsu ba: ciwo bai tafi duka ba, ko gwiwar ta yi tauri, ko suna jin ta kamar baƙuwa a jikinsu. A katara masu ƙorafi ba su kai haka ba, amma idan aka kafa ƙoƙon a karkace ƙwallon na iya gocewa, ko ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo. Masu ƙera inji suka ce ga maganin abin: in kuskuren hannu ne ke kawo rashin gamsuwa, sai a ba inji zarto.

Darasin da aka koya a Jamus

Robo na farko da ya taɓa ƙashin ɗan Adam sunansa Robodoc. Mutum biyu ne suka ƙago shi a jihar Kalifoniya ta Amurka tare da kamfanin IBM: lokotoron ƙashi William Bargar da likitan dabbobi Howard Paul. Da karnuka aka fara gwada shi, sa'an nan a watan Nuwamba na 1992 aka yi wa mutum na farko aikin katara da shi a birnin Sacramento. Wannan inji shi kaɗai ke aikinsa. A kan ɗaure ƙashin cinya tam da maƙalin ƙarfe, lokotoro ya danna maɓalli, ya tsaya yana kallo injin na rarake ramin da sandar ƙarfe za ta shiga. Ramin ya kan fito sumul, daidai wa daida, abin da hannu ba ya iyawa.

Hukumomin Amurka sun yi jinkirin ba shi izini, amma asibitocin Jamus suka rungume shi daga 1994, musamman wani babban asibiti na birnin Farankfot. Aka yi wa dubban mutane aiki, jaridu suka yi ta yabo, asibiti kuma in ba shi da robo sai a ga kamar an bar shi baya. Sannu a hankali sai aka fara ganin masu ɗingishi. Domin injin ya sami hanya, sai an buɗe wurin da faɗi, kuma haƙorinsa ya kan ci tsokar da ke riƙe ƙugu lokacin tafiya.

A 2003 likitoci na birnin Hambur suka bayyana sakamakon gwajin da suka yi da mutum 154, waɗanda aka raba gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Cikin 74 da aka fara wa aiki da robo, sau 13 dole aka ture injin aka ƙarasa da hannu. Cikin 61 da suka rage, mutum 11 katararsu ta goce, alhali cikin 80 na aikin hannu mutum 3 ne kawai. A hoton radiyo kuwa, aikin injin ne ya fi kyan gani. Majinyata da yawa suka kai ƙara, asibitocin Jamus suka jingine injin wajen 2004. A watan Yuni na 2006 babbar kotun tarayyar ƙasar ta kafa doka cikin wata shari'a da ta shafi Robodoc: duk likitan da zai yi amfani da sabuwar hanya, wajibi ne ya gaya wa maras lafiya a fili cewa sabuwa ce, kuma tana iya ƙunsar haɗarin da ba a riga an sani ba.

Robo na yanzu

Masu ƙira sun ɗauki darasi. Tun a 1997, a birnin Grenoble na Faransa, likitoci Dominique Saragaglia da Frédéric Picard suka sauya gwiwa da taimakon na'ura mai ƙwaƙwalwa, watau kwamfuta, wadda ba ta yanka komi, sai dai ta nuna wa lokotoro bisa allo inda zartonsa ya dosa. A Landan kuma, masana na Imperial College suka ƙera wani inji mai suna Acrobot wanda lokotoro ne ke tura shi da hannu, shi kuwa injin ya hana shi wuce iyaka. Bisa wannan dabara aka gina yawancin injunan yau.

Wanda ya fi yaɗuwa shi ne Mako, da aka fara aiki da shi a jihar Fulorida a 2006, kamfanin Stryker ya saye shi a 2013 kan dalar Amurka miliyan 1,650. Kafin ranar aiki a kan ɗauki hoton ƙashin da sikana, kwamfuta ta zana siffarsa ta kowace fuska, lokotoro ya tsara girman ƙarfen da inda zai zauna. A ɗakin fiɗa a kan kafa ƙusoshi a cinya da ƙwauri, a ɗora musu alamomi waɗanda idon na'ura ke bi. Lokotoro ya taɓa wurare da yawa a jikin ƙashin da wani tsinke, domin kwamfuta ta haɗa hoton da ƙashin gaske. Sa'an nan ya kama hannun injin mai ɗauke da zarto ya yi yanka. In ya nufi wajen iyakar da aka zana, sai hannun ya ƙage, zarton ya tsaya.

Akwai wasu. Cori na kamfanin Smith & Nephew ƙarami ne, a hannu a ke riƙe shi, haƙorinsa ke tsayawa in ya fita daga tsari. Velys na kamfanin Johnson & Johnson ya sami izini a Amurka a 2021. Rosa kuwa yana da asali da ya shafi yammacin Afirka: wanda ya ƙago shi, injiniya Bertin Nahum, an haife shi a Dakar a 1969, iyayensa ƴan ƙasar Benin ne. Ya kafa kamfaninsa a yankin Montpellier a 2002, ya ƙera injin domin aikin ƙwaƙwalwa. Kamfanin Zimmer Biomet ya saye shi a 2016, ya fitar da na gwiwa a 2019. Shi Rosa riƙe tubalin yanka ya ke yi a inda ya dace, lokotoro ya yi yankan da kansa.

Saboda haka, wanda aka ce za a yi masa aiki da robo kada ya zaci inji ne zai buɗe shi ya ɗinke. Mutum ne ke tsaga fata, ya kauda tsoka, ya tsai da jini, ya zaɓi tsari, ya sa siminti, ya rufe. Inji ma'auni ne mai kaifin ido, kuma in aka ba shi tsarin da ba daidai ba, zai bi shi sau da ƙafa.

Abin da gwaji ya nuna

Ta wajen daidaito babu gardama. A gwajin Acrobot da aka bayyana a 2006, duk gwiwoyin da aka yi da injin sun zauna cikin digiri 2 na abin da aka tsara, amma na hannu kashi 40 bisa 100 ne kaɗai suka kai haka. A katara, wani bincike na 2014 a Amurka ya sami ƙoƙo 50 cikin 50 na robo a cikin kusurwar da a ke so, na hannu kuwa 40 cikin 50.

Tambayar ita ce ko wannan daidaito na isa ga jikin mai gaɓar. Gwaji mafi tsawo an yi shi ne a Seyul, babban birnin Koriya ta Kudu. Lokotoro Kim Young-Hoo da abokan aikinsa suka raba mutum fiye da 1,400 ta ƙuri'a tsakanin 2002 da 2008, rabi aka sauya musu gwiwa da robo, rabi da hannu, aka bi su shekara 13 a matsakaici. Sakamakon ya fito a 2020: babu bambanci a ciwo, ko a tafiya, ko a lanƙwasuwar gwiwa, kuma a kowane ɓangare kashi 98 bisa 100 na gwiwoyin aka ƙiyasta za su kai shekara 15. Masu goyon bayan inji su kan ce tsohon samfuri ne aka gwada, kuma gaskiyarsu ne. Sai dai na yanzu ba su daɗe ba har a auna su da irin wannan tsawon lokaci.

Inda robo ya fi nuna alamar amfani shi ne sauya rabin gwiwa, watau idan gefe ɗaya kawai ya cinye. Aiki ne mai wuyar daidaitawa, kuma likitoci da yawa ba su yin sa a kai a kai. A birnin Gilasgo aka raba mutum 139 ta ƙuri'a. Waɗanda aka yi wa da Mako sun fi samun sauƙin ciwo cikin sati 8 na farko. Bayan shekara guda ɓangarorin biyu suka yi kunnen doki. Bayan shekara 5, babu ko ɗaya cikin na robo da aka sake yi wa aiki, na hannu kuwa mutum 6 aka sake taɓawa. Labari ne mai ƙarfafa gwiwa, amma adadin mutanen kaɗan ne.

Me ya sa yanka daidai bai zama lafiya kai tsaye ba? Asibitin Mayo na Amurka ya ba da haske sau biyu. A 2010 aka duba gwiwa 398 bayan shekara 15, aka tarar waɗanda suka zauna cikin digiri 3 ba su fi masu ƴar karkata daɗewa ba. A 2016 aka duba katara 206 da suka goce cikin kusan 9,800, aka tarar kashi 58 bisa 100 nasu an kafa ƙoƙonsu cikin kusurwar da a ke cewa babu haɗari. Watau inji na iya harbin inda aka nuna masa ba kuskure, amma har yanzu likitoci na muhawara bisa inda ya kamata a nuna: wasu na son ƙafa miƙaƙƙiya ga kowa, wasu na son a bi ƴar tanƙwarar da aka haifi mutum da ita. Rashin gamsuwa kuma na da wasu tushe da zarto ba ya kai wa gare su, kamar raunin tsoka, ƙiba, ciwon baya, damuwar zuciya, da tsammanin abin da gaɓar ƙira ba ta iya bayarwa.

Shi ya sa hukumar NICE, mai tantance magunguna da kayan asibiti a Ingila, da ta yarda a watan Afrilu na 2025 a yi amfani da injuna 6 na aikin ƙashi, ta gindaya sharaɗi: a tattara shaidar amfaninsu cikin shekara 3, sa'an nan a sake dubawa.

Kuɗi da sauran nauyi

Babban robo ya kan kai dalar Amurka miliyan guda ko fiye, watau wajen sefa miliyan 600. Wannan kuɗin saye ne kawai. Akwai na kwangilar gyara kowace shekara, da na kayan da a ke jefarwa bayan kowane aiki, da na sikana ga injin da ke bukatarta, da na ma'aikacin da ke kula da kwamfuta. Yawancin injunan kuma ba su aiki sai da ƙarfen kamfanin da ya ƙera su, don haka asibitin da ya sayi inji ya ɗaure kansa ga mai sayarwa guda. Sai an yi ayyuka masu yawa a shekara kafin kuɗin ya fita. Ga kuma bukatar wutar lantarki wadda ba ta yankewa, da ɗaki mai sanyi maras ƙura, da injiniya a kusa.

Shi ma maras lafiya da nasa kason. Aikin robo ya kan ɗauki lokaci fiye da na hannu, musamman ga likitan da ke farkon koyo. Ramukan ƙusoshin nan, ko da ya ke ba kasafai ba, su kan yi ruwa, ko ƙashi ya tsage ta wurin. In na'ura ta tsaya a tsakiyar aiki, dole lokotoro ya ƙarasa da hannu, saboda haka wanda bai ƙware da aikin hannu ba bai kamata a ba shi inji ba.

Abin da inji ba ya yi

Babban abokin gaban gaɓar ƙira shi ne ƙwayoyin cuta. In suka kama ƙarfen, sau da yawa magani ba ya isa, sai an cire shi, a yi watanni ana jinya, a sake sa wani. Abin da ke kare wannan shi ne tsabtar ɗakin fiɗa, da kayan da aka dafa sosai, da maganin rigakafi a kan kari, da gyara sukarin mai ciwon sukari kafin aiki. Na biyu shi ne gudan jini da ke daskarewa cikin jijiyar ƙafa, ya tafi huhu, haɗarin da doguwar tafiya cikin jirgi ke ƙarawa ga wanda ya yi gaggawar komowa gida. Na uku shi ne tauri: gwiwar da ba a motsa ta ba cikin makonnin farko ta kan sandare, komi kyan yankanta. Nan aikin malaman motsa gaɓa ne, waɗanda a ke kira kine, da haƙurin mai gwiwar kansa.

Ga mai emasi abin ya fi haka nauyi. Ƙashinsa na iya zama mai tauri a wani wuri, mai gautsi a wani, ƙwayoyin cuta sun fi saurin kama shi, kuma sanyi ko ƙarancin ruwa ko na iska lokacin aiki na iya tayar masa da ciwon. Abin da ya fi bukata shi ne jinin ƙari mai tsabta da ya dace da nasa, da mai ba da maganin barci wanda ya san cutar. Tun da yaro ne, wataƙila za a sake sauya masa gaɓar wata rana, saboda haka ya adana takardar da ke ɗauke da suna da lambar ƙarfen da aka sa masa.

Dattijon nan mai salla bisa kujera shi ma ya kamata a gaya masa gaskiya. Gwiwar ƙira ta kan lanƙwasu wajen digiri 110 zuwa 120, zaman tahiya da tsugunno kuwa na bukatar fiye da haka nesa. Da yawa daga cikin waɗanda aka yi wa aikin, da hannu ko da robo, durƙuso na yi musu wuya. Abin da aikin ke alkawari shi ne raguwar ciwo, da barci, da tafiya zuwa masallaci da gona.

Akwai misali a Afirka da ya dace a duba. Ƙasar Malawi, wadda ba mai arziki ba ce, ta buɗe kundin rubuta gaɓoɓin ƙira tun 2005 a birnin Blantyre, kuma rahotannin da suka fito daga cikinsa sun nuna sakamako mai kyau da aikin hannu. Abin da aka dogara gare shi can shi ne horarrun ma'aikata, da tsabta, da bin kowane majinyaci shekara da shekaru.

Tambayoyin da ya kamata a yi

Wanda aka ajiye wa farashi biyu, ko ɗan'uwan da ya raka shi, yana da ikon yin tambaya kafin ya sa hannu. Gaɓa nawa wannan lokotoro ke sauyawa a shekara? Bincike ya sha nuna cewa likita da asibitin da ke yin aikin a kai a kai sun fi ƙarancin matsala. In da robo ne, sau nawa ya yi aiki da shi? Mutum nawa cikin 100 ne ƙwayoyin cuta ke kamawa a wannan asibiti? Wane ƙarfe za a sa, shekara nawa aka yi ana amfani da irinsa? Kwana nawa za a yi ana motsa gaɓar kafin sallama, kuma wa zai ci gaba da dubawa bayan an komo Maraɗi, Damagaram ko Tawa?

Idan ƙwararren lokotoro ya ce da robo ya saba, asibitin na da tsabta, kuɗin kuma bai gagara ba, babu dalilin gudun injin, domin na yau ba irin na Jamus ba ne. Idan kuwa ƙarin kuɗin zai cinye abin da aka tanada domin kine, da magani, da zaman jinya, to, mai gwiwa ya zaɓi aikin hannu da kwanciyar rai: bai sayi na baya ba. Haka shi ma mai riƙe da kasafin asibiti, kafin ya dubi takardar robo, sai ya fara zagaya ɗakin fiɗa ya ga tukunyar dafa kaya, da rumbun jini, da injin wuta, da adadin likitocin ƙashi da malaman kine, da kundin da a ke rubuta abin da ya sami kowane majinyaci. Hausawa sun ce ba girin-girin ba, ta yi mai. A wannan aiki, man shi ne mutum ya ajiye sanda, ya taka da ƙafarsa, ya kuma ci gaba da takawa bayan shekara 20.